Jitar da Muka Shafa wa Man Shanu

Bari in fara da wanke kaina. Ni ba jahili ba ne. Na yi aji huɗu a firamare, kuma aji huɗun zamaninmu in aka ɗora shi a sikeli ya fi wasu takardun da nake gani yanzu an saka a gilashi an rataye a bango. Na faɗi haka ne don abin da zan ba da labarinsa, duk wanda ya ji zai rantse mutanen da ba su taɓa leƙa aji ba ne suka aikata shi. To mu biyu ne, kuma ɗaya ya leƙa. Ni ne.

Ina da jita, irin doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri da ake ce wa bes. Ba a cika jin ta da kunne ba, a ƙirji ake jin ta, kamar babbar mota ta wuce ta bayan katanga. Da ita na ci abinci a Kano lokacin ina da gashi a ka, muna kiɗa a otal-otal da wuraren biki, mu biyar. Uku sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Saura ni a Gwarzo ina noman dawa da gyaɗa, sai mawaƙinmu a Kabo. Shi jikan makiyaya ne. Kakansa ya zo da garke ya zauna wajen Dugabau, shanu suka yi ta raguwa, gona tana ƙaruwa. Ina ce masa Makiyayi, ko da yake rabonsa da bin saniya tun bai yi gemu ba. Shi kuma yana ce mini Ɗan Boko, ba don girmamawa ba.

Ana tsakiyar yankan gero ya kira ni a waya. Muka gaisa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya gwiwa, yaya ido, yaya aka ji da ruwan bana, ina labarin akuyar nan da ta yi ɓari. Sai da muka gama da mutane da dabbobi kaf, sannan ya ce:

"Ɗan Boko, za a kwashe ni."

"Wa zai kwashe ka? Kai kayan miya ne?"

"Babban ɗana. Ya ce tun da mahaifiyarsu ta rasu, ga ido ya yi yana, ba zai bar ni ni kaɗai ba. Fatakwal zai kai ni, a yi mini aiki, in zauna wurinsa. Nan da mako uku, ran Asabar."

Na ce Allah Ya sa alheri, ya je ya ga teku, ko da yake da wannan idon ko an kai shi bakin ruwan sai an gaya masa an iso. Bai yi dariya ba. Sai ya ce, "Waƙar saniya fa?"

Wannan waƙa shi ya yi ta, a kan wata saniyar kakarsa da garke duka ya tsallake rafi, ita ta tsaya ta ƙi. An ja, an tura, an yi lallashi, ta kafe. Labarin ke nan, ba wani abin a zo a gani ba. Amma duk inda muka buga ta sai wuri ya tashi, domin tafiyar saniyar a jitata take: taku uku, a tsaya, taku uku, a tsaya, sai a ja da baya ɗaya. Masu rawa ma haka suke yi da ƙafa. Ba mu taɓa ɗaukar ta a faifai ko kaset ba. Kullum sai mu ce wata mai zuwa, har ƙungiyar ta watse. Yanzu baitocin suna kansa, takun yana wurina, kuma babu wani mai rai da ya san ko ɗaya. In ya hau motar Fatakwal, rabin waƙa ya tafi kudu, rabi ya zauna a Gwarzo yana jiran ranarsa. A shekarunmu ba a cewa "sai ka dawo" da ƙarfin murya.

Ya ce ɗan nasa yana da waya mai ɗaukar murya tsaf, kuma zai iso kwana biyu kafin tafiya. In zo da jita, mu yi ta sau ɗaya, a ɗauka, shi ke nan.

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba.

Jitar tana rataye a bangon ɗakina, bayan ƙofa, shekara nawa ban ƙirga ba. Akwatinta gara ta cinye tuni, ta bar mini mariƙi da makullai biyu don tarihi. Da na sauko da ita na goge, na ɗora a cinya, sai na ga abin da ban so gani ba. Ashe na bar tsirkiyoyin a ɗaure tamau duk shekarun nan, ga kwanon ɗakin yana yoyo daidai wurin duk damina. Wuyan ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Tsirkiya ta yi nesa da itace, har yatsana yana shiga tsakani ya fito ta can. In na danna sai in ji har cikin haƙori, kuma sautin da ke fita ƙarya ce tsagwaronta. Ka nemi wannan, ta ba ka maƙwabcinsa.

Hajiya, matata, ta leƙo. Ita ta je Makka, ni ban je ba, saboda haka duk gardamar da muka yi a gidan nan ita ke da gaskiya.

"Malam, ashe wannan abar ba ta mutu ba?"

"Barci take yi."

"To ta yi barcin da wuyanta ya ƙage. Ka kai ta Kano a duba."

Da na ji maganarta, da wannan rubutu bai cika shafi ɗaya ba. Amma sai na goya jitar da rawani, na hau acaɓa, na nufi Kabo don in nuna wa Makiyayi halin da ake ciki.

Na same shi da hantsi a gindin darbejiyar tsakar gidansa. Da yake ido ba ya gani sosai, sai ya karɓe ta yana shafawa tun daga kai har gindi, kamar mai taya maraƙi a kara. Ya zo kan wuyan, ya sake bi da tafin hannu, sai ya yi tsaki.

"Wannan ne ya tayar maka da hankali? Ai sanda ce ta karkace."

"Ba sanda ba ce. Kayan ƙasar waje ne."

"A ƙasar wajen, bishiyarsu da ƙarfe take tsirowa? Itace itace ne, Ɗan Boko. Ni da na miƙar da sandar kiwo ta fi ɗari."

Sai ya zauna ya karanta mini yadda suke yi tun kaka da kakanni. In sanda ta karkace, a shafe ta da man shanu sosai, a riƙa gifta ta a kan garwashi a hankali har zafi ya ratsa ta ta yi laushi. Sai a sa ta a gwafar bishiya a danna, a ɗaure ta jikin miƙaƙƙen itace ta kwana. Gari na wayewa ta miƙe kamar alif, man kuma ya hana ta tsagewa. Ya jawo tasa sandar daga inda take jingine ya miƙo mini. Wallahi baƙa ce sumul, tana ƙyalli, ba karkata ko ta ƙwayar gero. Ta girmi ɗan da zai zo ɗaukarsa.

Na yi gardama da sunan ilimi, kamar na minti biyar. Daga nan na tuna Kano da nisa, mai gyara ban san shi ba, kwanaki suna tafiya, ga magani a gabana. Na so in rubuta cewa tilasta mini ya yi, amma tsoron wa zan ji yanzu? Ni na kwance tsirkiyoyin. Ni na riƙe gangar jikin. Kuma da ya gama shafa man karo na farko, ni ne na ce ya ƙara, wai kayan waje sun fi shan mai.

Maƙwabciyarsa ce ta kawo man a 'yar ƙwarya, sabon kaɗi. Ta tsaya ta ga abin da za a yi da shi, ta kama baki, ta koma gida. Muka hura gawayi a kasko. Shi ya kama kai, ni gindi, muna kai ta muna kawo ta a kan wuta kamar masu babbaka ƙafar sa. Ƙamshi ya cika gidan har na ji yunwar tuwo. Yana taɓawa yana cewa, "Saura kaɗan, ta fara jin magana." Fentin bayan wuyan ya fara kumbura yana ɓarewa, na gaya masa, ya ce sanda ma haka take yi. Muka kai ta gwafar darbejiya, ya ce in danna. Na danna.

Ƙas!

"Mene ne ya yi ƙara?"

"Sandarka ce ta yi magana."

Baƙin allon nan na gaba, wanda yatsu ke dannawa, mai jerin ƙananan ƙarafa, ya rabu da wuyan tun daga kai har kusan rabi. Ya buɗe baki kamar kada, man shanu yana gangarawa ciki. Makiyayi ya sa yatsa ya laluba, ya daɗe yana lalubawa.

"Ba ka gaya mini itace biyu aka manne ba."

"Ni ma yau na samu labari."

"Shekara nawa kana rungume da ita?"

"Kai shekara nawa kana yawo da cikinka, ka san abin da ke ciki?"

Muka zauna a tabarma, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Wuyan kuwa yana nan a lanƙwashensa, ko gezau.

Mai hayar lasifika na garinmu, wanda ke kai kaya gidajen biki, shi ya ba ni lambar wani mai gyara a Sabon Gari, mutumin kudu, wanda masu kiɗan coci ke kai wa kayansu. Na ce wa Hajiya ba zan iya zuwa da kaina ba, saboda gwiwa da cirar gyaɗa. Ta ce, "Kunya dai." Na ce ba da ita nake magana ba. Kunya ce. Ba zan iya tsayawa wani ya kwance wannan aika-aika ina kallon idonsa ba.

Sai saƙo ke nan, yadda kowa ke yi: a ba direba a tasha, a ba shi lambar mai karɓa. Na naɗe ta da tsohon bargo, na sa ta tsakanin katako biyu, na ɗaure da igiyar guga, na zura mata buhu biyu, ɗaya ta kai ɗaya ta gindi. Na rubuta a jiki da gawayi: A HANKALI. Na tsaya na shinshina, na ƙara: BA ABINCI BA NE.

Direban wani mai ƙiba ne mai yawan dariya, na san mahaifinsa. Ya ɗaga ƙunshin ya jijjiga.

"Baba, bindiga ce?"

"Jita ce. Daina girgiza ta."

"Jita mai ƙamshin miyar kuka?"

Ya nufi but ɗin bayan mota da ita, inda buhunan masara suke, ga wata tunkiya a ɗaure. Tunkiyar ta miƙo hanci ta fara lasar buhun. Na ce a'a. Ya ce to sama, a ɗaure da roba. Na ce a rana? Wannan ta sha zafi iyakar shanta. Ƙarshe dai na biya mata kujera kamar mutum, ta zauna a gaba kusa da taga, aka ɗaura mata bel, abin da ni kaina ban taɓa ɗaurawa ba. Wani Alhaji da aka mayar baya saboda ita ya ce tun da yake ba a taɓa tayar da shi don buhu ba. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, marar lafiya ce, asibiti za ta." Ya ce Allah Ya ba ta lafiya, yana hararata.

Motar na fita na ji kamar in bi ta da gudu. Kafin su kai Rimin Gado na kira direban sau uku. A na ukun ya ce, "Baba, tana gaishe ka, ta ce ka bar ni in yi tuƙi."

Da la'asar mai gyara ya kira. Hausarsa da ɗan gargada, amma ba abin da ya ɓace mini. Da ma ya ɓace.

"Baba, na buɗe. Wa ya dafa ta?"

Na ce wani mutum ne a ƙauye, bai yi makaranta ba.

"Baba, ka san wani ƙaramin murfi a kai, kusa da inda ake murɗa tsirkiya, mai kusoshi uku?"

Na ce na san shi mana, ado ne, tambarin masu ƙira.

Ya ce ba ado ba ne, ƙofa ce. A cikin wuyan akwai dogon ƙarfe tun daga kai har ƙasa, an sa shi musamman don irin wannan rana. In wuya ya lanƙwashe, sai a buɗe murfin, a sa ɗan lanƙwasasshen makullin nan da kowane mai gyaran babur yake da shi, a murɗa kaɗan, a jira, a ƙara kaɗan. Aikin da kafin shayi ya huce an gama.

Shekara arba'in da ɗoriya ina goge wannan murfi da bakin riga don ya yi ƙyalli.

Na ce to yanzu fa? Ya ce manne allon ba wuya, man ne matsala. Gam ba ya kama itacen da ya sha mai, mu kuwa mun ba ta ta ƙoshi. Sai ya yi ta wankewa da wani ruwan magani, ya barbaɗa garin alli ya tsotse, ya bari ya bushe, ya sake, har itacen ya daina gumi. Sannan gam, sannan a matse da ƙarfe kwana biyu ko uku. Na gaya masa ranar tafiya da dalili. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma ba zai yi mini alkawari a madadin itace ba.

Na kira Makiyayi na gaya masa ashe akwai ƙarfe a ciki. Ya ce, "To ka ji! Shi ya sa ba ta miƙe ba. Aikina ba shi da laifi. Da itace ne zalla, da yanzu tana tsaye kamar soja."

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In je gona, in ciri gyaɗa kunya biyu, in ce na manta wani abu a gida. In zo gida in rasa abin da na manta, in wuce tasha. A tasha har an ware mini gefen benci. Duk motar da ta shigo daga Kano sai na leƙa kujerar gaba, alhali na san ba wanda ya ce an aiko. Na je har Madadi wai duba wani ɗan'uwa, muna gama gaisawa na miƙe, yana cewa ko ruwa ban sha ba. Abinci ma a tsaye nake cin rabinsa.

Sai wani sabon tsoro ya zo. In ta dawo, yatsun za su tuna? Na ɗauko ƙotar fartanya, na ja mata layi huɗu da gawayi, na zauna a zaure ina dannawa, ina yin sautin da baki: dum, dum, dum, shiru. Dum, dum, dum, shiru. Sai gum, a baya. Ƙaramin yatsa ya ƙi fitowa aiki sam, ya ce shi ya yi ritaya. Sauran suna zuwa amma a makare. Bakin ne kawai bai manta komai ba. Hajiya ta wuce da tsintsiya ta ce, "Wannan jitar ta fi waccan, ita aƙalla tana noma."

A mako na biyu mai gyara ya ce ya manna, ya matse. Na yi sadakar ƙosai. Bayan kwana biyu ya kwance matsin, ya ɗaura tsirkiya, yana ja allon ya sake ɗagawa ta gefe. Mai ya ƙara fitowa daga can ciki. "Baba, saniya nawa kuka tatsa?" Sai an sake daga farko.

Ran Alhamis ɗan Makiyayi ya iso Kabo. Ran Juma'a da safe mai gyara ya ce in ya saki matsin yau, kafin ta kai Kabuga za ta buɗe baki. Sai Litinin. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce na girmi ubansa. Ya ce, "Haka ne Baba, amma Litinin." Na kira ɗan, ko za a ɗaga tafiyar. Ya ce, "Wallahi Baba na so, amma an riga an ba mu ranar ganin likita, kuma kwana uku kacal aka ba ni a wurin aiki." Ba laifinsa ba ne. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi na rasa, sai tsofaffi biyu da kasko.

Ana saukowa daga Juma'a na zauna a ƙofar gida da takalmi a ƙafa, na kasa tashi, na kasa cirewa. In je in ce masa me? Hajiya ta fito ta tsaya a kaina.

"Malam, mako biyu kana cika mini kunne da dum-dum a zaure. Kajin gidan nan ma sun haddace. Tashi ka kai masa."

"Da baki? Ni? Mutumin da aka yi wa liƙi a tsakiyar Kano?"

"Da bakin dai. Shi kullum cikin man shanu yake, bai taɓa ɓallewa ba."

Na isa Kabo da la'asar sakaliya. An riga an ɗaure kayansa: jaka biyu, buta, dardumar salla, sandar nan tana jingine a kai. Yana zaune a gindin darbejiya, ya ji takuna.

"Ina take?"

"Tana asibiti, sai Litinin."

Ya sunkuyar da kai. "To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Ni ne jitar."

Na dunƙule hannu a baki na yi masa taku uku. Ya yi dariya har tari ya kama shi, sai da ɗan ya kawo masa ruwa. Da ya samu numfashi ya ce a miƙo masa ƙwarya.

Ɗan ya kife turmi, ya jingine waya a kai, ya ce mu fara in ya ɗaga hannu, sai ya tuna uban ba zai ga hannun ba, ya ce to in ya ce bismilla. Makiyayi ya kife ƙwarya a cinya yana bugawa da zobe. Karo na farko dariya ta ɓata. Na biyu muka yi faɗa. Shi ya ce ja da bayan a layi na biyu yake, ni na ce na uku.

"Ni na yi waƙar nan, Ɗan Boko!"

"Ni na yi saniyar!"

Na uku akuya ta sa baki. A na huɗu ne ta tafi. Muryarsa ta tsufa, ta yi kaushi, amma ta san hanya:

Garke ya haye, ke kin tsaya,
Ruwan ko gwiwa bai kai ba, kin tsaya.

Ni ina biye, dum, dum, dum, shiru. Na ga maƙwabciyar nan mai man shanu a bakin ƙofa, tana taku uku tana tsayawa, ita da ba ta taɓa jin waƙar ba. Muka wuce baiti na biyu, na uku, na huɗu. Sai ya shiga na ƙarshe, wanda wallahi na manta da shi, domin ni tsayawar kawai na riƙe duk shekarun nan. A baitin ƙarshe maraƙinta ne ke kuka daga can tsallake, ita kuma ta sa ƙafa a ruwa. A nan jita ba ta tsayawa, tafiya take yi sambal har ƙarshe. Na fara tafiyar, sai bakin ya ƙi. Taku biyu suka wuce ba sauti. Na kamo na uku na ƙarasa.

Ɗan ya juya yana gyara igiyar jaka da ba ta kwance ba. Makiyayi ya ce, "Jitarka ta yi tuntuɓe."

Na ce, "Hayaƙin girkin maƙwabta ne."

"A sake?"

"A bar shi haka."

Da zan tafi ya sa aka miƙo mini 'yar ƙwaryar nan da sauran man, wai in ajiye ko za ta sake karkacewa. Ran Asabar da sassafe suka tafi.

Ran Litinin ta iso, a kujerar gaba, da bel. Wuya a miƙe, tsirkiya sababbi, sun kwanta kusa da allo har da ɗan taɓi suke amsawa. Mai gyara ya ɗaure ɗan makullin nan a jikinta da zare, da takarda: Baba, wannan, ba wuta ba. Mai lasifika ya ara mini ƙaramar sifika mai batir. Ɗan Makiyayi kuma ya turo waƙar a wayar Hajiya, da yake tawa ba ta san komai ba sai kira.

Na kunna, na ɗauki jita don in bi, sai na ga ta'asa. Bakin nan ya yi ƙawa iri-iri da yatsuna ba su taɓa yi ba ko ina saurayi: nan ya zame, can ya ninka, wani wurin ya yi gurnani. Ga ni yanzu kowace safiya bayan na dawo daga gona, ina zaune a zaure ina koyon waƙa daga wurin wani tsoho mai giɓi a cikin waya, ina mayarwa baya, ina zaginsa don ya yi sauri. Hajiya tana zuwa karɓar wayarta muna ciniki.

Makiyayi ya kira bayan an yi masa aiki. Ido ɗaya ya buɗe. Ya ce ya ga ruwan, da yawa, ba saniyar da za ta tsallake shi. Ya ce jikokinsa sun haddace waƙar, suna yawo a ɗaki suna dum-dum-dum, su tsaya, su ja da baya, su a wurinsu dum-dum ɗin ma baiti ne.

"Kar ka wahalar da kanka da jita, Ɗan Boko. Ta bakin ita ce waƙar yanzu."

Na ce ban yarda ba, kuma in na gama koya zan sa a ɗauka in aiko masa ya ji yadda ake kiɗa. Ya ce in yi sauri, kar a zo a yi wa kunnensa aiki shi ma.

Na kai baiti na huɗu. Ƙaramin yatsa ya fara zuwa, kwana biyu a mako. Wurin nan na ƙarshe da taku biyu suka faɗi, na gwada cike shi da jita, sau da yawa, sai in ji kamar na taka wa mutum sahu. Yanzu in na zo wurin, ɗaga yatsu nake yi in bar shi ya wuce.

Ina sassauta mata tsirkiya in na gama, na canja mata bango, an toshe yoyon. Sai dai in rana ta yi zafi har yanzu tana ɗan tashi da ƙamshi, tururuwa kuma suna jerin gwano a bangon suna zuwa gaishe ta.